Ingilishi: harshen manoma da makiyaya da ya gama duniya

A shekarar 2025 aka fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasar Nijar. Kundin ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa. Ya ce kuma Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. Faransanci dai kowa ya san yadda ya zo. To, Ingilishi fa, daga ina ya fito?

Duk wanda ke kai bisashe kasuwar Jibiya, ko ta Illela, ko ta Maigatari, ya sha jin wannan harshe a bakin ma'aikata. Manomi yana ganin rubutunsa a jikin buhun taki, da kwalin maganin ƙwari, da cikin wayar salula. Mutane da yawa suna ɗaukar sa harshen manya da masu kuɗi. Amma tarihi ya nuna akwai lokacin da sarakunan Ingila da kansu ba su jin sa. Manoma da makiyaya ne suka riƙe shi har shekara 300, a gona da wurin kiwo. Ga yadda abin ya faru.

Ina ne Ingila?

Ingila tana cikin wani tsibiri da ake kira Biritaniya, a yammacin ƙasashen Turai. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Teku ce ta raba ta da Faransa. Inda tekun ta fi ƙunci, faɗinta kamar kilomita 34 ne, bai kai rabin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ba.

Ƙasar ba ta da girma. Faɗinta kamar murabba'in kilomita dubu 130 ne. Nijar ta kusa yin ta sau 10. Amma mutane sun yi yawa a cikinta: ƙidayar 2021 ta nuna sun wuce miliyon 56. Babban birninta Landan. Ruwan sama yana sauka a kowane wata na shekara, ciyawa kuwa ba ta cika bushewa ba. Shi ya sa shanu da tumaki suke jin daɗin ƙasar.

Ingila ba ita kaɗai take ba. Tana haɗe da Sikotilan da Wels da Arewacin Ailan, ƙarƙashin sarki ɗaya. Mutumin Sikotilan ko na Wels ba ya son a ce masa Ba'ingile, ko da yana jin harshen. A Wels ma har yanzu akwai masu magana da nasu harshe, wanda ya girmi Ingilishi a tsibirin.

Baƙi uku a cikin jiragen ruwa

A shekara ta 43 bayan haihuwar Annabi Isa, sojojin Rumawa suka ci tsibirin. Suka gina birane da hanyoyi. Wajen shekara ta 410 suka janye, suka bar ƙasar ba mai tsaro.

Daga wajen 450 sai wasu ƙabilu uku suka fara ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Danmak. Su ne Angil, da Sakson, da Jut. Suka zo da iyalansu, suka kama gonaki, suka zauna. Daga sunan Angil aka sami sunan Ingila, ma'ana ƙasar Angil. Daga nan kuma aka sami sunan harshen.

Waɗannan mutane manoma ne da makiyaya. Suna noman alkama da sha'ir, suna huɗa da garmar shanu. A cikin tsohon harshensu kalma ɗaya ce take nufin shanu, take kuma nufin dukiya. Makiyayi ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Har yau kalmomin Ingilishi na gida da gona nasu ne: uwa, uba, ruwa, ƙasa, gida, saniya, tunkiya, madara, ci, sha, barci.

A lokacin suna bautar gumaka. Alamar wannan tana nan cikin sunayen ranakun mako. Hausa ta ɗauko Lahadi da Litinin da sauransu daga Larabci. Su kuwa Ingilawa sun sa wa Lahadi sunan rana, Litinin sunan wata. Talata da Laraba da Alhamis da Juma'a suna ɗauke da sunayen gumakansu 4. Asabar ta sami sunan wani gunkin Rumawa. An daɗe da barin gumakan, amma sunayen sun zauna.

A shekarar 597 wani malamin addinin Kirista mai suna Agustin ya iso daga Rum. Malaman da suka biyo bayansa suka yaɗa rubutu da baƙaƙen Rumawa. Waɗannan baƙaƙe su ne na boko, waɗanda mai karatu yake gani a wannan jarida. Amma yawancin littattafai da Latin ake rubuta su, wato harshen Rumawa, wanda talaka ba ya ji.

Sarkin da ya ce a rubuta da harshen gida

A shekarar 793 wasu mahara suka fara zuwa daga Danmak da Nowe. Ana kiran su Baikin. Da farko ganima suke kwasa su koma. Daga baya suka zauna a arewa da gabashin Ingila, suka yi aure, suka yi noma. Harshensu ya gauraya da na ƴan ƙasa. Kalmomin Ingilishi na ƙwai, da wuƙa, da fata, da ƙafa, da doka, duk daga wurinsu suka fito.

Sarkin da ya tsai da su shi ne Alfared. Ya yi sarauta daga 871 zuwa 899. Ya ci su da yaƙi a 878, aka raba ƙasa tsakaninsa da su. Da ƙura ta lafa, sai ya duba ya ga ilimi ya lalace. Malamai masu jin Latin sun yi kaɗan. Shi kansa sai da ya girma ya koyi Latin.

Alfared ya tara malamai, ya sa aka juya manyan littattafai zuwa Ingilishi. Ya sa hannu da kansa a cikin aikin. Ya nemi ɗiyan ƴantattu su fara koyon karatu da harshen da suka sha a nono, kafin su wuce zuwa Latin. A zamaninsa kuma aka fara rubuta tarihin ƙasa shekara bi shekara da Ingilishi. An ci gaba da wannan rubutu har 1154.

Shekarar da komai ya juye

A arewacin Faransa akwai wata ƙasa mai suna Normandi. Mai mulkinta, Wiliyam, ya ce shi ya kamata ya gaji sarautar Ingila. Ya tara jirage da dawaki, ya ƙetaro teku. Ranar 14 ga Oktoba 1066 aka gwabza a kusa da garin Hestins. Aka kashe Harol, sarkin Ingila. Kafin shekara ta ƙare aka naɗa Wiliyam a Landan.

Wiliyam da mutanensa Faransanci suke yi. Ya ƙwace gonakin manyan Ingila, ya raba wa jarumansa. Ya naɗa nasa alƙalai da manyan malamai. A 1086 ya sa aka yi ƙidayar dukiyar ƙasa, don ya san abin da zai karɓa na haraji. Aka bi wurare sama da dubu 13. Aka rubuta gonaki, da garemani, da wuraren niƙa, da dazuzzuka, da mutane. Marubutan Ingila na lokacin sun yi kuka cewa ko sa ɗaya ko saniya ɗaya ba a tsallake ba. Littafin ƙidayar yana nan ajiye a Landan har yau.

Daga nan harsuna suka zama 3. Faransanci na fada ne da shari'a. Latin na malamai ne. Ingilishi kuwa aka bar wa talakawa. Wanda ke son matsayi sai ya koyi Faransanci. Manomi yakan tsaya gaban alƙali, a yi shari'ar gonarsa da harshen da ba ya ji. Haka aka zauna wajen shekara 300.

Mai kiwo da mai ci

Wannan zama ya bar tabo a cikin harshen. Saniya mai rai, a Ingilishi, ana rubuta ta cow, ana faɗin “kau”. Amma namanta a akushi beef ne, ana faɗin “bif”. Tunkiya sheep ce, wato “ship”. Namanta kuwa mutton, wato “matin”. Maraƙi calf ne, namansa veal.

Duk yaron da ya shiga lakkol a Nijar zai gane na biyun. Sa a Faransanci bœuf ne, tunkiya mouton, maraƙi veau. Sunan dabba mai rai na tsohon Ingilishi ne. Sunan nama na Faransanci ne. Masana da yawa suna bayyana dalili kamar haka: mai kiwo Ba'ingile ne, mai ci kuwa Banormande. Ruwa ba ya tsami banza.

Ba nama kaɗai ba. Kalmomin mulki, da shari'a, da yaƙi, da ado, da girki, yawancinsu daga Faransanci suka shiga. An kiyasta sun kai wajen dubu 10 a wannan zamani. Shi ya sa mai jin Faransanci yake gane kalmomi da yawa idan ya ga rubutun Ingilishi, ko da bai taɓa koyo ba. Amma ginin jimla, da ƙidaya, da kalmomin yau da kullum ba su canza uwa ba. Harshen ya ari tufafi, jikinsa yana nan.

Yadda harshen ya farfaɗo

Masu jin Faransanci ba su da yawa. Sun auri ƴan ƙasa, ɗiyansu suka tashi a hannun masu reno Ingilawa. A 1204 sarkin Faransa ya ƙwace Normandi daga hannun sarkin Ingila. A 1337 kuma aka fara dogon yaƙi tsakanin ƙasashen 2, wanda bai ƙare ba sai 1453. Faransanci ya zama harshen abokin gaba.

A 1348 wata annoba ta shiga Ingila. Cikin shekara 2 ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin 3 da rabin mutanen ƙasar. Gonaki suka rasa masu noma. Ƴan ƙwadago da suka rage suka ga darajarsu ta tashi, suka nemi ƙarin lada. Manya suka yi doka a 1351 don su hana ladan tashi. Suka kuma ɗora harajin kai. Na ƙarshe sule ɗaya ne a kan duk wanda ya wuce shekara 15, mai kuɗi da talaka.

A 1381 manoma suka tashi. Suka nufi Landan a ƙarƙashin wani mai suna Wat Taila. Sarkin lokacin, Rica na biyu, yaro ne ɗan shekara 14. Ya fito ya yi musu alkawura. Aka kashe Taila, aka watsa taron, aka karya alkawuran. Amma an daɗe ba a sake karɓar irin wannan haraji ba.

Tun kafin haka, a 1362, an yi doka cewa a riƙa yin shari'a da Ingilishi, domin mutane ba su gane abin da ake faɗi a kansu. Abin dariya, dokar kanta da Faransanci aka rubuta ta. A 1399 Henri na huɗu ya hau gado. Masana tarihi suna cewa tun 1066 shi ne sarki na farko da Ingilishi ne harshen uwarsa. A wannan zamani ne kuma wani marubuci mai suna Cosa, wanda ya rasu a 1400, ya rubuta labaran matafiya da Ingilishin Landan. Mutane suka ga harshen gona yana iya ɗaukar adabi.

Tumaki da shinge

A waɗannan shekaru arzikin Ingila a bayan tunkiya yake. Tumakinsu masu gashi ne. Ana aske gashin, a sayar wa masaƙan ƙasashen waje, sarki ya karɓi kuɗin fito. Tumaki sun fi mutane yawa. Har yau shugaban majalisar manya ta ƙasar yana zama a kan wani babban matashi da aka cusa da gashin tumaki, don tuna inda arziki ya fito.

Amma wannan arziki bai yi wa kowa daɗi ba. A da, kowane ƙauye yana da filin jama'a. Talaka yakan kai saniyarsa kiwo can, ya yi itace, ya yanki ciyawa. Sai masu ƙarfi suka fara kewaye filayen da shinge. Daga baya majalisa ta riƙa ba su izini da doka. Tsakanin 1604 da 1914 an yi irin waɗannan dokoki sama da 5200. Filin da aka kewaye ya wuce hekta miliyon 2 da rabi.

Amfanin gona ya ƙaru, wannan gaskiya ne. Amma ƙaramin manomi da mai ƴan bisashe sun rasa makiyaya. Da yawa suka sayar da abin da ya rage, suka tafi birni neman aiki a masaƙu da ramukan gawayi. Wasu suka hau jirgi suka bar ƙasar. Yau masu aikin gona a can ba su wuce mutum 1 ko 2 cikin 100 na ma'aikata ba.

Rikicin ƙwai da injin buga littafi

A 1476 wani ɗan kasuwa mai suna Kakston ya kafa injin buga littafi na farko a Ingila. Nan da nan ya ci karo da matsala. Kowane yanki da irin Ingilishinsa, kamar yadda Hausar Adar ta bambanta da ta Damagaram ko ta Kano.

Kakston ya ba da wani labari a 1490. Wasu fatake sun sauka a wani gari a kudu. Ɗayansu ya nemi wata mata ta sayar masa da ƙwai. Ya faɗi kalmar da ake faɗi a arewa, wadda aka gada daga Baikin. Matar ta ce ita ba ta jin Faransanci. Mutumin ya fusata, domin shi ma ba ya jin Faransanci. Sai da wani ya faɗi kalmar kudu sannan ta gane. To, wace za a buga a littafi? Masu injin suka bi harshen Landan, inda fada da kasuwa suke. A kan ƙwai kuwa, kalmar arewa ce ta yi nasara.

Bugun littafi ya sa rubutu ya tsaya wuri ɗaya. Amma baki bai tsaya ba. Tsakanin 1400 da 1700 faɗin wasula ya canza ƙwarai, wasu baƙaƙe kuma aka daina faɗin su. Wuƙa ana rubuta ta knife. A da ana faɗin k ɗin farko. Yau “naif” ake cewa, amma k yana nan a rubuce. Baƙaƙen Ingilishi 26 ne, sautukansa kuwa wajen 44. Wannan ne ya sa karatunsa yake da wuya, har ga ɗiyan Ingilawa. A Hausa, yawanci abin da kunne ya ji shi hannu yake rubutawa. A Ingilishi sai an haddace kalma da surarta.

Mashahurin marubucinsu shi ne Shekspiya, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616. Ya rubuta wasannin kwaikwayo da ake yi har yau. A zamaninsa masu jin harshen ba su wuce miliyon 5 zuwa 7 ba. A 1755 Samuwel Jonson ya fitar da babban ƙamus mai kalmomi sama da dubu 42.

Yadda ya ƙetare teku

Harshe ba ya tafiya da ƙafarsa. Jirgin ruwa, da ciniki, da bindiga ne suka kai shi. A 1600 aka kafa kamfanin cinikin Indiya, wanda daga baya ya mallaki ƙasar. A 1607 Ingilawa suka kafa garinsu na farko mai ɗorewa a Amurka. A 1788 suka sauka Ostireliya. Jiragen Biritaniya sun kwashi bayi sama da miliyon 3 daga Afirka zuwa gonakin rake da taba da auduga. An hana cinikin a 1807, aka yi dokar soke bautar kanta a 1833.

Sannan zamanin inji ya zo. Masaƙun Mancesta suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma da yadi. Jirgin ƙasa na farko na jama'a mai tafiya da tururi ya tashi a Ingila a 1825. Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, ƙarfin Biritaniya ya ragu. Amma Amurka ta ɗauki harshen ta ci gaba da shi, ta hanyar ciniki, da silima, da jiragen sama, da kwamfuta, da intanet.

Yau waɗanda suka tashi da Ingilishi a gida sun kusa miliyon 400. Idan aka haɗa da waɗanda suka koya, ana kiyasta sun kai miliyon 1500. Ke nan yawancin masu jin sa ba Ingilawa ba ne, ba kuma Amurkawa ba.

Iyaka ɗaya, Turanci biyu

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Sojojin Gwamna Lugga sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Ƙasashen 2 suka yi yarjejeniyoyi a 1898 da 1904 da 1906, suka ja iyaka mai tsawon kilomita wajen 1500. Iyakar ta ratsa Gobir da Katsina da Daura. Wa ya faɗa hannun Faransa, ƙane ya faɗa hannun Ingila. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana bin wannan hanya zuwa teku, ƴan ci-rani kuma suna kai da komo.

Ta haka Hausa ta ara daga ɓangare 2. A Nijar ana cewa duwan, a Najeriya kwastan. Nan mangaza, can sito. Nan biro, can ofis. Nan kwamanda, can di'o. Wasu kalmomin Ingilishi kuwa sun ƙetaro iyaka sun zauna ko'ina: mota, direba, taya, birki, inji, bokiti, tela.

Wasu sun yi doguwar tafiya. Gwamna, da soja, da kotu, da joji, da fursuna, da asibiti, daga Ingilishi Hausa ta karɓe su. Amma Ingilishi ma aro ya yi daga Faransanci bayan zuwan Wiliyam. Lauya kuma tushenta kalmar doka ce ta Baikin. Bahaushe ya gyara kowace ta dace da bakinsa, ya sa wasali tsakanin baƙaƙe, kamar yadda Ba'ingile ya tanƙwara na Faransanci.

Aron bai tsaya hanya ɗaya ba. Kalmomin Ingilishi na sukari da auduga da gahawa ta hanyar Larabci suka zo. Sunan da suke kiran iskar hunturu daga Gana ya fito. A farkon 2025 aka ba da labarin cewa babban ƙamus na Okisfod ya shigar da kalmar suya.

Kuɗi, awo da ɗabi'u

Tsofaffi suna tuna fam da sule da sisi da kwabo. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, sisi kwabo 6. Ingila ta bar wannan lissafi a 1971, ta raba fam gida 100. Najeriya ta koma naira a 1973.

Awonsu ma daban yake. Mil ɗaya kilomita ɗaya ne da mita 609. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗan ɗori, bai cika mita ba. Galan na Ingila lita 4 da rabi ne, na Amurka bai kai lita 4 ba. Eka asalinta filin da shanun huɗa suke iya gamawa a yini ɗaya. Hekta ɗaya ta kusa eka 2 da rabi.

Sunayen zuriya da yawa sana'a ce. Wanda ya fi yawa a Ingila shi ne Simit, ma'ana maƙeri. Akwai Shefad, wato makiyayi, da Tela, wato maɗinki. Suna shan shayi da madara, ko da yake ganyen daga Sin ya fara zuwa musu. A Landan aka tsara dokokin ƙwallon ƙafa a 1863. Motocinsu a hannun hagu suke tafiya. Najeriya ma haka take yi, sai a 1972 ta koma dama. Suna da sarki, Carles na uku, wanda ya gaji uwarsa Elizabet a 2022 bayan ta yi shekara 70 a kan gado. Amma majalisa da firaminista ne suke mulki.

Abin da zai amfani manomi yau

Wanda ya iya karatun Hausa ya riga ya san baƙaƙen Ingilishi, ya san lambobinsa. Ko bai ji harshen ba, akwai abubuwa 4 da ya kamata ya riƙe.

Na farko, idan ya ga EXP a jikin magani, na mutum ko na dabba ko na ƙwari, kwanan watan da ke biye shi ne ranar da maganin zai lalace. MFG kuwa ranar da aka yi shi ce. Kada a saya idan ranar EXP ta wuce.

Na biyu, kalmomin DANGER da POISON suna nufin haɗari da guba. Rubutunsu ɗaya ne a Ingilishi da Faransanci. Abin da ke ɗauke da su a nisanta shi daga yara, da cimaka, da rijiya.

Na uku, waƙafi a cikin lamba. A Ingilishi 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne. A Faransanci wannan rubutu ɗaya da rabi yake nufi. Ɗaya da rabi a Ingilishi da ɗigo ake rubuta shi, wato 1.5. Kuskure a nan yana iya ƙone shuka ko ya kashe garke.

Na huɗu, a tambayi irin awon kafin a gauraya magani: lita ce ko galan, hekta ce ko eka. Idan an yi shakka, a kai kwalin wurin malamin gona, ko malamin dabbobi, ko mushen lakkol na gari, ya karanta kafin a buɗe. Matambayi ba ya ɓata.